Ƙirƙirarriyar basira da ayyukan yi a Kano

Ƙirƙirarriyar basira, wadda ake taƙaitawa da AI, fasaha ce ta kwamfuta da ke gudanar da ayyukan da a da sai ɗan Adam ne kaɗai yake iya yin su, kamar rubutu, fassara, gane murya, zana hoto da yanke hukunci daga tarin bayanai. A birnin Kano, inda mafi yawan jama'a suke rayuwa a kan kasuwanci da sana'o'in hannu, tasirin wannan fasaha ya fi bayyana a ayyukan da suka shafi harshe da takarda, wato buga takardu, fassara, zane-zanen talla da aikin ofis. Amfaninta kuma bai kai ga kowa daidai ba. Ya fi isa ga mai jin Turanci, mai babbar waya, mai wutar lantarki da kuɗin data, abin da ke ƙara faɗaɗa tazarar da tun asali take tsakanin mazauna birnin.

Tarihin fasahar a taƙaice

Masanin lissafi ɗan Ingila Alan Turing ya tayar da tambayar ko na'ura za ta iya yin tunani a wata maƙala da ya wallafa a shekarar 1950. Sunan fasahar ya kafu ne a taron da aka yi a Kwalejin Dartmouth ta Amurka a 1956, wanda John McCarthy yake cikin waɗanda suka shirya shi. A 1997 kwamfutar Deep Blue ta kamfanin IBM ta doke zakaran wasan dara na duniya, Garry Kasparov. A 2017 masu bincike a kamfanin Google suka fito da wani sabon tsari na sarrafa harshe, wanda a kansa aka gina manyan manhajojin hira na yanzu. Kamfanin OpenAI ya saki ChatGPT a ranar 30 ga Nuwamba, 2022.

Ta ɓangaren Hausa, Google Translate ya saka harshen cikin jerin harsunansa a watan Disamba na 2013. A 2022 kamfanin Meta ya fitar da manhajar fassara ta harsuna 200, ciki har da Hausa. A watan Afrilun 2024 kuma aka saka Meta AI a cikin WhatsApp ga masu amfani da shi a Najeriya. Wannan mataki ya kai fasahar ga wayoyin 'yan kasuwa da ɗalibai da matan aure da yawa waɗanda ba su taɓa sauke wata manhajar hira ba.

Yadda take aiki

Manhajar harshe tana koyo ne daga ɗimbin rubuce-rubucen da aka tattaro, mafi yawansu daga intanet. Tana lura da yadda kalmomi suke biyo juna, har ta iya hasashen kalmar da ta dace ta zo a gaba. Saboda haka ingancin aikinta a kowane harshe ya dogara ne da yawa da kuma kyawun rubutun da aka horar da ita da shi. Bayan wannan horo, ana ɗaukar mutane su duba amsoshinta, su gyara, su ware mai kyau da maras kyau. Waɗannan abubuwa biyu, wato rubutun da aka ci da kuma mutanen da suke gyara, su ne tushen yawancin muhawarar da ake yi kan aiki da adalci.

Abin da bincike ya nuna a duniya

A 2013 Carl Frey da Michael Osborne na Jami'ar Oxford sun ƙiyasta cewa kashi 47 cikin ɗari na ayyukan yi a Amurka suna cikin babban haɗarin komawa hannun na'ura. Binciken da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, ta fitar a Agustan 2023 ya nuna cewa aikin akawu da sakatarori ne ya fi fuskantar sauyi, kuma tun da mata sun fi yawa a irin wannan aiki a ƙasashe da dama, su abin zai fi shafa. Binciken ya ce a ƙasashe masu arziki kashi 5.5 cikin ɗari na ayyuka ne na'ura za ta iya ɗauka, a ƙasashe matalauta kuwa kashi 0.4 ne kacal.

A Janairun 2024 Asusun Ba da Lamuni na Duniya, IMF, ya ce kusan kashi 40 cikin ɗari na ayyukan duniya fasahar za ta taɓa: kashi 60 a ƙasashen da suka ci gaba, kashi 26 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Asusun ya yi gargaɗin cewa ƙarancin wannan adadi a ƙasashe matalauta ba abin murna ba ne gaba ɗaya, domin rashin wuta da intanet da ƙwararrun ma'aikata, wanda ya rage musu haɗarin, shi ne kuma zai hana su cin moriyar.

Akwai binciken da ya nuna wata fuskar. Erik Brynjolfsson da abokan aikinsa sun gano a 2023 cewa ma'aikatan amsa kiran abokan ciniki da aka ba su manhajar taimako sun ƙara yawan aikin da suke kammalawa da kimanin kashi 14 cikin ɗari, kuma sababbin ma'aikata ne suka fi amfana. Wannan yana nuna cewa fasahar tana iya rage tazara tsakanin gwani da ɗan koyo, matuƙar dukansu biyu sun samu damar riƙe ta.

Yanayin aiki a Kano

Kano tsohuwar cibiyar ciniki ce, mai kasuwanni irin su Kurmi, Kantin Kwari, Singa, Sabon Gari da Dawanau. Masana'antun Bompai, Sharaɗa da Challawa sun taɓa ɗaukar dubban ma'aikata, amma da yawa daga cikinsu, musamman masaƙu, sun durƙushe tun daga shekarun 1980 saboda matsalar wuta, tsadar kayan aiki da kwararowar kaya daga waje. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna cewa sama da kashi 90 cikin ɗari na masu aiki a Najeriya ba sa ƙarƙashin aikin albashi mai rajista.

Wannan ya sa hoton da aka saba gani a ƙasashen Turai, na mutum-mutumi yana korar ma'aikacin masana'anta, bai dace da Kano sosai ba. Marinin Ƙofar Mata, maƙeri, baduku, tela, ɗan dako da direban A Daidaita Sahu suna aiki ne da hannu da jiki, kuma manhajar hira ba ta iya ɗaukar wannan aiki. Waɗanda sauyin ya fi kusanta su ne rukunin da suka yi karatun boko na matsakaicin mataki, suka dogara da iya rubutu, iya kwamfuta ko iya harsuna biyu wajen neman abinci.

Ƙofar Dukawuya da sana'ar takarda

Ƙofar Dukawuya tana ɓangaren yamma na ganuwar Kano, maƙwabciyar Ƙofar Kabuga. A kusa da waɗannan ƙofofi biyu ne tsohon mazaunin Jami'ar Bayero yake, kuma Kwalejin Ilimi ta Tarayya, wadda daga baya aka mayar da ita jami'a, ita ma tana wannan yanki. Kasancewar ɗalibai da malamai ya sa sana'ar takarda ta kafu a kewayen: shagunan buga rubutu a kwamfuta, fotokwafi, ɗinke kundin kammala karatu, ɗaukar hoton fasfo da cike fom a intanet. Tun da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta a 2015, rajistar jarrabawa da duba sakamako suka zama wani babban ɓangare na cinikin irin waɗannan shaguna.

Aikin shagon ya kasu gida biyu. Akwai na na'ura da takarda, kamar kwafi, bugawa da ɗinki, wanda yake nan daram muddin makarantu da ofisoshi suna neman takarda a hannu. Akwai kuma na ƙwaƙwalwa, kamar tsara wasiƙar neman aiki, gyara Turancin kundi, mayar da rubutun hannu zuwa na kwamfuta da zana katin biki ko allon talla. Wannan kashi na biyu shi ne manhajoji suke yi yanzu cikin daƙiƙoƙi. Ɗalibin da yake da babbar waya yana iya tsara wasiƙarsa da kansa, ya kawo ta a buga kawai, sai ladan mai shago ya ragu zuwa kuɗin takarda da tawada.

Sauyin bai shafi kowa a cikin shagon iri ɗaya ba. Mai shagon da yake da jari, da sola ko janareta, yana kuma jin Turanci, yana iya amfani da manhajar ya kammala aikin da a da sai ya ɗauki yara biyu ko uku. Yaran shago, waɗanda ake biya gwargwadon shafukan da suka buga, su ne aikinsu yake raguwa. A tsarin sana'a na ƙasar Hausa, yaro yana shiga ƙarƙashin maigida ne ya fara da ƙananan ayyuka, ya ƙware a hankali, har a yaye shi ya buɗe nasa wurin. Ƙananan ayyukan nan su ne na'ura ta fi saurin ɗauka. Idan matakin farko na tsani ya cire, mai son hawa daga ƙasa ne yake rasa wurin sa ƙafa.

Fassara, rediyo da fim

Kano tana da gidajen rediyo masu yawa, da masana'antar fim ta Kannywood, da masu fassara finafinan Indiya zuwa Hausa, da kuma mafassara da suke yi wa ƙungiyoyin agaji da hukumomin lafiya aiki. A wannan fage, abin da ya fi yawa shi ne sauya fasalin aikin. Maimakon a ba mafassari rubutu ya fassara daga farko, sai a ba shi abin da na'ura ta fassara ya gyara, kuma a kasuwar fassara ta duniya ladan gyara bai kai na fassara ba. Wani binciken jin ra'ayi da Ƙungiyar Marubuta ta Birtaniya ta yi a 2024 ya nuna cewa sama da kashi ɗaya cikin uku na mafassaran da suka amsa sun riga sun rasa wani aiki saboda fasahar.

A Hausa, gyaran yakan zama mai nauyi, domin kurakuran na'ura suna da yawa. Manhajojin kwaikwayon murya kuma sun kawo wata tambaya ga mawaƙa, masu gabatar da shirye-shirye da masu sa murya a fim, wato wane ne yake da haƙƙin muryar mutum idan an kwaikwaye ta ba da izininsa ba.

Matsalar harshe

Hausa tana cikin manyan harsunan Afirka, da sama da mutum miliyan 50 da suke magana da ita a matsayin harshen uwa. Duk da haka rabonta a rubutun intanet kaɗan ne ƙwarai. A rumbun Common Crawl, wanda ake yawan horar da manhajoji da shi, Turanci ya haura kashi 40 cikin ɗari, Hausa kuwa ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu ba. Masana suna kiran irin wannan harshe mai ƙarancin kayan aiki. Akwai wasu siffofi na Hausa da suke ƙara wahalar da na'ura.

Na farko, rubutun yau da kullum ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali. Kalmar gari tana iya nufin birni ko kuma niƙaƙƙen hatsi. Kuka yana iya zama bishiya ko zubar da hawaye. Fari yana iya zama launi, ko rashin ruwan sama, ko kuma farko. Mai jin Hausa yana rarrabewa daga mahallin magana, amma manhajar da ke karanta rubutu da murya takan faɗi wadda ba ita ake nufi ba.

Na biyu, baƙaƙe masu lanƙwasa, wato ɓ, ɗ da ƙ, ana yawan barin su a saƙonnin waya da shafukan sada zumunta. Da haka baki da baƙi, ko kafa da ƙafa, suke zama kalma ɗaya a idon na'ura.

Na uku, Hausa tana bambanta jinsi a wurin da Turanci ba ya bambantawa. Kai da ke, ka zo da kin zo, duk kalma ɗaya ce take wakiltar su a Turanci. Idan aka fassara saƙon asibiti da aka yi domin mata masu juna biyu, na'ura tana iya yi musu magana da lamirin namiji.

Na huɗu shi ne karin harshe da tsarin rubutu. Daidaitacciyar Hausa ta ginu ne a kan Kananci, don haka mai Sakkwatanci ko Katsinanci ko Hausar Maraɗi, wanda yake cewa biyat a maimakon biyar, ya fi fuskantar rashin fahimta daga manhajar gane murya. Rubutun ajami kuma, wanda malamai da almajirai da 'yan kasuwa da yawa a cikin birni suka fi sabawa da shi, kusan ba ya cikin abin da aka horar da manhajojin da shi, duk da ƙoƙarin adana rubuce-rubucen ajami a kwamfuta da Jami'ar Boston ta yi tare da masana daga Kano.

Akwai kuma batun tsada. Manhajoji suna daddatsa rubutu zuwa guntaye, kuma da yawan guntayen ake lissafa kuɗin amfani da su. Wani bincike na Jami'ar Oxford a 2023 ya nuna cewa saƙo ɗaya yana iya ninka yawan guntayensa har sau 15 a wasu harsuna idan aka kwatanta da Turanci. Hausa ba ta kai wannan matsayi ba, amma ita ma tana cin guntaye fiye da Turanci. Ma'ana, kamfanin da zai gina manhaja domin Hausawa zai biya kuɗi mafi yawa a kan aikin da bai kai na Turanci inganci ba.

Sababbin ayyuka da sharuɗɗansu

Fasahar ta samar da wasu ayyuka ga masu jin Hausa, kamar naɗar murya, rubuta abin da aka faɗa, yi wa bayanai alama da tantance amsoshin manhaja. Ɗaliban harshe da na kwamfuta suna samun irin wannan aiki ta intanet, wani lokaci a biya su da dala. Sai dai yawancinsa aikin wucin gadi ne, ba kwantiragi mai ɗorewa, ba fansho, ba ƙungiyar ƙwadago. A Janairun 2023 mujallar Time ta ruwaito cewa ma'aikata a Kenya da suka tace munanan rubuce-rubuce domin ChatGPT, ta hannun kamfanin Sama, ana biyan su ƙasa da dala biyu a awa. A Maris na 2024 dandalin Remotasks ya rufe ƙofarsa ga ma'aikata a Kenya, Najeriya da Pakistan ba tare da dogon gargaɗi ba. Masu suka suna nuna cewa mai wannan aiki yana koya wa na'ura harshensa ne a kan lada na lokaci ɗaya, ribar da za ta biyo baya kuma ta kamfanin ce.

Hanyoyin da tazara take faɗaɗa

Wutar lantarki: a Afrilun 2024 an ƙara kuɗin wuta ga rukunin Band A zuwa naira 225 a kan kowane ma'auni, wato unguwannin da aka yi wa alƙawarin awa 20 a rana. Sauran unguwanni suna samun ƙasa da haka. A Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa, har da Kano, sun shafe kwanaki cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan wuta. Cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023 ya riga ya sa tayar da janareta ya yi tsada.

Kuɗin sadarwa: a Janairun 2025 hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data. Manhajoji mafi ƙarfi kuma ana biyan kuɗinsu ne duk wata.

Talauci da ilimi: rahoton Hukumar Ƙididdiga na 2022 ya ce mutum miliyan 133 ne suke cikin talauci ta fuskoki da dama a Najeriya, kuma kashi 65 cikin ɗari nasu suna Arewa. Yaron da bai iya karatun boko ba ba zai iya rubuta wa manhaja tambaya ba, balle ya gane inda ta yi kuskure.

Jinsi: rahotannin ƙungiyar GSMA sun nuna cewa mata a Afirka kudu da Sahara suna bayan maza da kusan kashi ɗaya cikin uku wajen amfani da intanet ta waya. A Kano mata da yawa suna sana'a daga cikin gida, suna tallata abinci, turare da atamfa ta WhatsApp da Instagram. Wadda take da babbar waya tana iya tsara hoton talla da rubutunsa kyauta, wadda ba ta da ita kuwa tana gogayya da ita a kasuwa ɗaya.

Bashi da tantancewa: manhajojin ba da rance suna auna mai nema ne da bayanan wayarsa da tarihin asusunsa. Ɗan kasuwar da cinikinsa na tsabar kuɗi ne da amana, kamar yadda aka saba a Kurmi da Kwari, ba shi da irin wannan tarihi, don haka na'ura tana iya ɗaukar sa a matsayin wanda ba a sani ba, ko da an san shi shekara talatin a layinsu.

Ƙoƙarin da ake yi

Gwamnatin Tarayya ta buɗe cibiyar ƙasa ta ƙirƙirarriyar basira da mutum-mutumi a Abuja a 2020, ƙarƙashin hukumar NITDA. A 2023 aka kafa dokar kare bayanan jama'a, aka kuma ƙaddamar da shirin 3MTT na horar da matasa miliyan uku a fannin fasaha. A Agustan 2024 ma'aikatar sadarwa, ƙarƙashin minista Bosun Tijani, ta fitar da daftarin manufar ƙasa kan fasahar. A 2025 aka gabatar da N-ATLAS, manhajar harshe da ta ƙunshi Hausa, Yarbanci, Ibo da Turancin Najeriya.

A ɓangaren masana, ƙungiyar Masakhane tana haɗa masu binciken harsunan Afirka, ƙungiyar HausaNLP kuma ta mayar da hankali kan Hausa. Shamsuddeen Hassan Muhammad na Jami'ar Bayero ya jagoranci aikin NaijaSenti a 2022, wanda ya tattara saƙonnin Twitter a Hausa, Ibo, Yarbanci da Turancin Buroka aka yi musu alama, sai AfriSenti a 2023 da ya faɗaɗa aikin zuwa harsuna 14. Shirin Common Voice na Mozilla yana karɓar muryoyin Hausa daga 'yan sa-kai. Cibiyar CITAD da ke Kano, ƙarƙashin Y. Z. Ya'u, ta daɗe tana aikin kai ilimin kwamfuta da intanet ga mata da al'ummomin karkara. Jami'ar Bayero kuma tana da cibiyar nazarin harsunan Najeriya tun 1969, wadda ta yi aiki mai yawa kan ƙamus da daidaita kalmomin Hausa.

Muhawara

Masu kyakkyawan fata suna ganin cewa manhajar da ke jin Hausa da murya za ta iya kai bayanin lafiya, noma da shari'a ga wanda bai yi boko ba, abin da rubutu ya kasa yi cikin shekaru masu yawa. Masu taka-tsantsan, irin su masana tattalin arziki Daron Acemoglu da Simon Johnson, suna cewa tarihi ya nuna ribar sabuwar fasaha ba ta sauka ga talaka da kanta, sai an samu dokoki da ƙungiyoyin da suka tilasta raba ta. A Kano, tambayoyin da suka fi fitowa su ne wa zai mallaki bayanan Hausa da ake tattarawa, da wane lada za a biya masu tattara su, da kuma wace hanya za a buɗe wa matasan da a da suke shiga duniyar aiki ta ƙofar shagon buga takardu.

Duba kuma

Harshen Hausa
Ajami
Ganuwar Kano
Jami'ar Bayero
Kannywood